Maganar mace, aure da tarbiyya a kamfen ƙananan hukumomin Kaduna: tambayoyi da amsoshi

Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma bayan shekara uku-uku ake sabunta kujerun ciyamomi da kansiloli. Da zarar fostoci sun fara hawa bango, wasu maganganu sukan taso waɗanda ba su shafi kwalbati ko rijiyar burtsatse ba: wance bazawara ce, wane ba a san inda ya dosa ba, jam'iyya kaza za ta ɓata mana tarbiyyar yara. Ga tambayoyin da aka fi ji a majalisa, a teburin mai shayi, a gidan biki da shirye-shiryen rediyo na kiran waya, tare da amsoshinsu.

Wai da gaske irin waɗannan maganganu suna shiga kamfen kansila da ciyaman?

Suna shiga, amma da wuya ka ji su ta lasifika. A kan dandamali ɗan takara zai yi maganar taki, tsaro, magudanar ruwa da aikin yi. Maganar jinsi da ta ɗabi'a tana bin bayan gida ne: saƙon murya a WhatsApp, habaicin sojojin baka a rediyo, raɗa bayan sallar isha'i ko bayan an tashi daga coci. Iri uku ce. Akwai ta cancantar mace ta yi shugabanci. Akwai tonon sirrin ɗan takara, wanda ya fi faɗawa kan mata. Sai ta uku, wadda ake jawowa daga Abuja ko daga ƙetare, irin su auren jinsi da koyar da ilimin jima'i a makaranta, a liƙa wa mutumin da ke neman kujerar mazaɓa ɗaya.

Me ya sa irin wannan magana ke saurin kama wuta a Kaduna?

Saboda garin ya taɓa ƙonewa a kanta. A watan Fabrairun 2000 muhawarar shari'a ta koma rikicin da ya ci rayuka masu yawa, ya kuma raba birnin gida biyu, Kogin Kaduna a tsakiya: Musulmi suka fi taruwa a Tudun Wada, Rigasa, Kawo da Unguwar Sarki, Kiristoci a Sabon Tasha, Television, Narayi da Unguwar Romi. A Nuwamban 2002 kuma gasar sarauniyar kyau ta duniya da aka shirya yi a Abuja, da wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga, suka jawo tarzomar da ta kashe mutum sama da 200 a Kaduna, har aka kwashe gasar zuwa Landan.

Duk wanda ya haura shekara talatin a garin nan yana da labarin waɗannan kwanaki. Wannan ya haifar da abu biyu masu karo da juna. Ɗan siyasa ya san cewa idan ya haɗa jikin mace da addini a jimla ɗaya, za a saurare shi. Mai zaɓe kuma, musamman dattijo, ya san inda hanyar take ɓullewa, shi ya sa da yawa sukan ja baya idan suka ji an fara. Wannan ja da bayan ba a cika lissafa shi ba, alhali yana nan.

Mutanen Kaduna suna zaɓen mace kuwa?

Sun zaɓa, ba sau ɗaya ba. A 2011 Kudancin Kaduna ya tura Nenadi Usman majalisar dattawa, bayan ta riƙe ministar kuɗi. A ƙarshen 2018 Malam Nasir El-Rufa'i ya ɗauko Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe, likita 'yar ƙaramar hukumar Sanga wadda ke shugabantar hukumar lafiya matakin farko ta jiha, ya sa ta mataimakiya. Suka ci zaɓen 2019 da ƙuri'a sama da miliyan ɗaya. A 2023 ta sake tsayawa da Sanata Uba Sani, suka samu 730,002, Isa Ashiru na PDP ya samu 719,196. Kafin ita, Pamela Sadauki ta riƙe kujerar mataimakiyar gwamna a farkon shekarun 1990, amma naɗin soja ne.

Abin lura shi ne abin da aka yi ta faɗa a kai a 2018. An ji 'yan gunaguni kan cewa mace ce, amma hayaniyar gaske kan tikitin Musulmi da Musulma aka yi ta, domin an saba ba Kirista daga kudu kujerar mataimaki. Ƙananan hukumomin da ake ce musu masu riƙon al'ada, irin su Igabi, Giwa, Soba da Zariya, suna cikin waɗanda suka zuba wa tikitin ƙuri'a sosai. Wani zai ce ai mataimakiya ce, ba ita ce a gaba ba, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai duk wanda ya dangwala ya san idan gwamna ya yi tafiya ita ce za ta riƙe jihar, kuma ta riƙe sau da dama, sama ba ta faɗo ba.

Wani abin da ake mantawa: hukumar zaɓe ta jiha, KADSIECOM, mace ce ta jagorance ta a zaɓukan 2018 da 2021, Dakta Saratu Binta Dikko-Audu, a lokacin da Kaduna ta zama jiha ta farko a Nijeriya da ta yi zaɓe da na'ura.

To in haka ne, me ya sa mata ba su da yawa a kujerun kansila da ciyaman?

Nan gizo ke saƙa. Mai zaɓe ana ɗora masa laifin ƙin abin da ba a kawo masa ba. Kafin sunan kowa ya hau takardar ƙuri'a, sai ya tsallake zaɓen fid da gwani, kuma a matakin ƙaramar hukuma wannan zaɓe sau da yawa suna ne kawai. Ana kiran sa maslaha, waɗanda aka kayar kuma su kira shi ɗauki-ɗora. Mutum biyar ko shida ne za su zauna, ɗan majalisar yankin, shugaban jam'iyya, wani kwamishina, wani uban gida mai kuɗi, su fitar da suna. A wannan zama mace ɗaya ce ake iya gani, shugabar mata, ita ma aikinta tara jama'a da raba atamfa.

Sai lokacin taron. Shawarar da ke da nauyi ƙarfe sha ɗaya na dare ake yanke ta, a falon wani ko a ɗakin otal. Matar aure a Tudun Wada ko Maƙarfi idan ta je, gobe sunanta na bakin mutane. Idan ba ta je ba, an raba ba da ita. Ko ta ina ta bi akwai asara. Ga kuɗi: manyan jam'iyyu sukan yafe wa mata kuɗin fom ko su rage, abin da ake ta yayatawa, amma fom shi ne mafi arha a cikin takara. Daliget, motoci, fosta, abincin matasa, ejan-ejan na kowace rumfa, waɗannan ba a yafewa. Akwai ma masu cewa fom ɗin kyauta makami ne, domin ranar maslaha sai a ce mata, Hajiya ke da ba ki kashe komai ba, ki haƙura ki bar wa wanda ya sayi nasa.

Sannan ga 'yan daba. Namiji zai iya shiga filin fid da gwani da zugar matasa masu gora. Mace idan ta yi haka a ce ta zubar da mutunci, idan ba ta yi ba a kore magoya bayanta.

A ganina, idan aka ce "jama'a ba za su zaɓi mace ba", mafi yawan lokaci mai maganar yana da ɗan takararsa ne a aljihu. Ba a gwada jama'ar ba balle a san amsarsu.

Amma addini bai hana ba?

Wannan tambaya ta malamai ce, kuma malamai sun yi saɓani. Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin Abu Bakrata da ke cikin Bukhari, wanda aka faɗa lokacin da Farisawa suka naɗa 'yar Kisra sarauta, cewa mutanen da suka jiɓinta al'amarinsu ga mace ba za su rabauta ba. Wasu suka ce hukuncin ya game kowane shugabanci. Wasu suka taƙaita shi ga shugabancin ƙoli na al'umma, suka ce kansila ko 'yar majalisa wakiliya ce, tana aiki cikin jama'a ƙarƙashin doka, ba ita ke yanke hukunci ita kaɗai ba. Waɗannan sukan kawo labarin Sarauniyar Saba a Suratun Namli, da rawar da Nana Asma'u 'yar Shehu ta taka wajen tura jajis, wato malamai mata, su karantar da mata a karkara. A ɓangaren Kiristoci ma akwai masu karanta wasiƙun Bulus da tsauri, akwai masu tuna Debora da ta yi alƙalanci a Isra'ila.

Abin da ake gani a rumfar zaɓe shi ne mutane suna bambanta kujera da kujera. Magidancin da zai ce a'a ga mace gwamna yana iya cewa to ga mace kansila, musamman in ya san gidansu. Abin haushi kawai shi ne yadda hadisin kan fito daga bakin wanda bai tuna da shi ba lokacin da jam'iyyarsa ce ta tsayar da mace.

Me ake nufi da "ba 'yar nan ba ce"?

Wannan ya fi kayar da mata fiye da fatawa, kuma ba a cika maganarsa ba. 'Yar Kudan ta auri ɗan Ikara, ta yi shekara ashirin a can, ta haifi 'ya'yanta a can. Ranar da ta nemi kansila a Ikara sai a ce ta koma garinsu. Ta koma Kudan, a ce ai ke kin zama ta mutanen Ikara. Namiji ba ya fuskantar wannan, domin shi ba ya tashi daga gidan ubansa. A birnin Kaduna, inda kusan kowa zuwa ya yi, abin ya ɗan fi sauƙi, amma a karkara takobi ne mai kaifi biyu.

Wannan batu yana cikin ƙudurori biyar na mata da majalisar tarayya ta yi watsi da su ranar 1 ga Maris 2022 lokacin gyaran tsarin mulki: a bar mace ta zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Sauran sun haɗa da kujeru na musamman ga mata, kaso a shugabancin jam'iyyu da muƙaman naɗi, da ba mijin 'yar Nijeriya ɗan ƙasar waje damar zama ɗan ƙasa. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa, majalisar wakilai ta ce za ta sake duba uku daga ciki, wa'adinta ya ƙare ba a yi ba.

Me ya sa ake tono auren 'yar takara, ba a tono na namiji?

Domin yana da arha kuma yana aiki a kan iyalinta ko da bai yi aiki a kan masu zaɓe ba. In ba ta da aure, a ce wa zai tsawata mata. In bazawara ce, a ce ta kasa riƙe gida za ta riƙe gari. In tana da aure, a koma kan mijin a kira shi mijin Hajiya har sai ya ce ta janye. Manufar ba a sauya ra'ayin mutum dubu ba ce, a sauya na mutum ɗaya: miji, uba ko yaya. Da yawa daga cikin matan da suka janye takara ba jam'iyya ce ta kore su ba, daga cikin gida aka ce ya isa.

Ba sabon abu ba ne. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shiga NEPU tana yarinya a farkon shekarun 1950, ta sha ɗauri da duka da kiran sunan banza saboda ta nemi a ba matan Arewa ƙuri'a. Matan Kudu suna zaɓe tun kafin samun 'yancin kai. Na Arewa sai 1976, kuma a zaɓen ƙananan hukumomi suka fara. Yau babban asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi, jikokin waɗanda suka jefe ta suna kai matansu haihuwa a can.

Maza ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Nasu ƙazafin shi ne a ce mutum manemin mata ne, ko a jefe shi da luwaɗi, wanda shi ne mafi muni domin babu yadda mutum zai wanke kansa a bainar jama'a ba tare da ya ƙara yaɗa maganar ba.

Mata su ne suka fi cika layi ranar zaɓe. Ba sa zaɓen 'yar'uwarsu ne?

Ana yawan cewa mata ne maƙiyan mata, kuma maza ne suka fi son maimaita wannan. Gaskiyar ta fi haka tsawo. Mace a Rigasa ko Kauru tana auna abin da namiji ke aunawa: wa ya zo gaisuwa da aka yi mana rasuwa, wa ya biya kuɗin asibiti, wa zai ɗauki waya in an kira. Tana kuma da nata ƙarin lissafin, asibitin sha-ka-tafi na unguwa yana da ungozoma da dare ko babu, makarantar firamare na da ban-ɗakin 'yan mata ko babu. In 'yar takara ta zo da wannan, ana jin ta. In ta zo da "ku zaɓe ni don ni mace ce" kawai, ga kuma abokin hamayya ya aiko da taliya da sabulu, to ta sha ƙasa.

Batun cewa miji ne ke faɗa wa mata inda za ta dangwala, akwai shi, amma an fi ƙarfafa shi fiye da kima. Ita kaɗai ke shiga bayan labule. Shugabannin mata na unguwa, malaman Islamiyya mata, 'yan adashe da zumuntar mata ta coci sun fi miji sanin inda ƙuri'ar gidan ta tafi.

An ce wasu 'yan takara suna goyon bayan auren jinsi. Kansila ko ciyaman na da hannu a wannan?

Ba shi da shi ko kaɗan. Dokar haramta auren jinsi ta tarayya ce, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Janairun 2014: ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla, shekara 10 ga masu taimakawa ko kafa ƙungiya. Majalisar tarayya kaɗai ke iya taɓa ta. A kan wannan batu Musulmi da Kirista na Kaduna bakinsu ɗaya, babu jam'iyyar da ta fito ta ce akasin haka, saboda haka ba abin da za a yi muhawara a kai. Abin da ya rage shi ne jifa.

An ga misali a Yulin 2024, 'yan watanni kafin zaɓen ƙananan hukumomi. Wata jarida ta buga cewa yarjejeniyar Samoa, wadda Nijeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai tare da ƙasashen Afirka, Karebiyan da Fasifik, ta ƙunshi amincewa da auren jinsi. Huɗubobi suka ɗauka, saƙonnin murya suka cika wayoyi. Ministan kasafi Atiku Bagudu ya musanta, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce babu wannan sharaɗi a cikin takardar, daga baya jaridar ta nemi afuwa. Afuwar ba ta yi tafiyar da labarin farko ya yi ba. Wanda ya zo maka da wannan magana a zaɓen kansila, ka tambaye shi wane sashe na aikin kansila ne ya shafe ta, ka ga yadda zai sauya zance.

To ba abin da ƙaramar hukuma ke iya yi kan tarbiyya ke nan?

Akwai, kuma nan ya kamata a matsa wa 'yan takara. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, rajistar haihuwa, mutuwa da aure, sa ido kan gidajen abinci da shaguna da allunan talla, da lasisin sayar da giya. Suna kuma da hannu a makarantun firamare da asibitocin matakin farko. Yarinyar da ke talla a tasha har goma na dare, ɗakin shan magani da ke kulle tun la'asar, aji mai yara ɗari da malami ɗaya, duk suna ƙofar ciyaman. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin "ba a sakar mana ba" ya kamata ya fara raguwa, ko da yake aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa.

Manhaja kuwa ba tasu ba ce. Hukumar tarayya ce ke tsara ta, kuma a Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire ilimin jima'i daga manhajar matakin farko. Rushe gini ma aikin jiha ne. Mutane na tuna ƙarshen Disambar 2020, da aka rushe wani gidan abinci a Sabon Tasha bayan wata sanarwar casun baɗala ta yawata a intanet. Masu wurin suka ce ba su da alaƙa da ita, hukuma kuma daga baya ta ce rashin izinin gini ne dalili. Da yawa sun yi tafi a ranar farko, suka yi shiru a mako na biyu.

Fyaɗe fa? Ana cin zaɓe da shi?

Abin mamaki, a'a, alhali shi ne batun da ya fi taɓa gidaje. Kaduna na da dokoki masu tsauri a takarda. A 2018 ta yi dokar kare yara da ta hana cin zarafi. A Satumbar 2020 aka gyara kundin hukunta laifuka: wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe, dandaƙa da kisa, in ta haura 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Akwai cibiyoyin Salama a manyan asibitocin Kakuri, Tudun Wada, Zariya da Kafanchan, inda ake duba waɗanda abin ya shafa.

Jama'a sun yi maraba da dokar. Amma ɗan takarar kansila ba ya son ambaton ta, domin ya san yadda ake kashe irin wannan magana a unguwa: mai laifin ɗan wani ne, a taru a gidan mai unguwa, a ce a rufa asiri, a ba iyaye kuɗin magani. Sau da yawa kansila na cikin masu zuwa ofishin 'yan sanda neman beli. Mutumin da ya cika kunnenka da barazanar da ke zuwa daga Turai, tambaye shi ko ya taɓa raka uwar yarinya kotu. Wannan tambaya ta fi kowace auna shi.

Akwai bambanci tsakanin kudancin jihar da arewacinta?

Akwai, amma bai kai yadda ake zato ba. A Jema'a, Kaura, Zangon Kataf ko Jaba mace na hawa dandamali ta yi jawabi ba wanda zai ɗaga gira, kuma ilimin boko na mata ya daɗe da kafuwa ta hanyar mishan. A can kuma matsalar gado da ta "kin yi aure waje" tana da ƙarfi, kuma rabon kujeru tsakanin ƙabilu da gundumomi kan cinye damar mace kafin a zo kanta. A arewa shigar ta fi wuya, amma wadda ta shiga da goyon bayan gidan sarauta ko na malamai takan samu kariyar da ta kudu ba ta da ita. Ɗakin da ake yanke shawara dai iri ɗaya ne a Kachia da Kubau.

Sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi yana nuna ra'ayin jama'a kan waɗannan batutuwa?

A yi hattara da shi. A 2018 da 2021, lokacin na'ura, 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi, har APC ta faɗi a rumfar gwamnan lokacin, El-Rufa'i, a Unguwar Sarki a 2021. A zaɓen 19 ga Oktoba 2024 an koma takarda, aka bayyana APC ta lashe ciyamomi 23 da kansiloli 255 duka, PDP ta ce ba a kai kayan zaɓe wurare da yawa ba, ta ƙi amincewa. Irin wannan cinye-duka ana ganin sa a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ke mulki. Inda tikitin jam'iyya mai mulki shi ne kujerar, tambayar "mace ko namiji" tana hannun masu ba da tikiti. Wannan ma yana da wata fuskar: da gwamna zai ce a ba mata kaso cikin kansiloli, da an gama, kamar yadda wasu jihohi irin su Kogi suka yi da kujerun mataimakan ciyamomi.

Kada kuma a manta da abin da ke ran mutane. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da sace ɗaliban Kuriga a Chikun a Maris 2024, manomin Birnin Gwari ko Giwa tambayarsa ta farko ita ce zai iya zuwa gona ya dawo. Sauran maganganu suna bayan wannan.

Ware wa mata kujeru zai gyara?

Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta ce a ba mata kashi 35 cikin ɗari, wata babbar kotun tarayya a Abuja ta tabbatar da haka kan muƙaman naɗi a Afrilun 2022. Duk da haka majalisar dattawa ta goma, wadda aka rantsar a 2023, mata huɗu ne cikin 109, ta wakilai ba su kai 20 cikin 360 ba. Masu goyon bayan ware kujeru sun ce in ba a buɗe ƙofar da doka ba, masu riƙe da makulli ba za su buɗe ba. Masu suka sun ce matan manya da 'ya'yansu ne za su cika kujerun, ga ƙarin kuɗin tafiyar da majalisa. Sukar tana da tushe, sai dai kujerun maza ma 'ya'yan manya da yaransu ne a kai, ba a ce a soke su ba.

An turo min sauti ko hoto na ɓata wata 'yar takara. Me doka ta ce, me zan yi?

Dokar Zaɓe ta tarayya ta hana zagi, ƙazafi da habaicin da zai tunzura jama'a a kamfe, ta kuma hana amfani da wuraren ibada wajen tallata ɗan takara ko sukar wani. Ɓata suna laifi ne a kundin hukunta laifuka na jiha, kuma wadda aka ɓata tana iya shigar da ƙarar neman diyya. Wanda ya tura gaba ba ya kuɓuta don ya rubuta "kamar yadda aka turo min". Ga Musulmi, Suratun Nur ta yanke bulala tamanin ga wanda ya jefi mace kamila bai kawo shaidu huɗu ba, Suratul Hujurat kuma ta ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi.

A aikace: kada ka tura. Duba wa ya fara sakin sa da kuma lokacin, domin irin wannan kaya yakan fito ne kwana biyu ko uku kafin fid da gwani ko zaɓe, lokacin da babu sararin musantawa. Yanzu ana haɗa murya da hoto da manhajar waya, saboda haka jin muryar da ta yi kama da tata ba hujja ba ce. In a zauren WhatsApp na unguwa ne, yi wa mai kula da zauren magana ya goge. In ke ce abin ya shafa, Hajiya, ki adana saƙon da lambar da ta turo da ranar, kafin a goge, ki kai wa lauya ko reshen ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke Kaduna, sannan ki sanar da mijinki ko iyayenki da bakinki kafin su ji a waje.